Teburin Baba mai shayi a Agege, inda muke jin labarin gida ranar da abu ya faru

Jama'a assalamu alaikum. Na daɗe ina son nayi rubutu akan wani teburin mai shayi da nake zama a Agege, yau dai Allah yayi. Duk ɗan uwan da ya sauka Legas daga gida tambayarsa ta farko ina ake samun abinci irin namu, ni kuwa nakan ce masa abinci ba matsala bane, tuwo ne, masa ce, fura ce, balangu ne, duk zaka samu daga Agege har Mile 12 har Idi-Araba har Obalende. Abinda zaka wahala kafin ka samu shine wajen da zaka zauna ranar da aka ce bom ya tashi a garinku, kana nesa da gida tafiyar kwana guda a mota, waya taƙi shiga, kowa na faɗin nasa. To ni wannan teburin shine wajena tun 2011, kuma da wannan ma'aunin zan auna shi, shayin ma zan faɗi yadda yake.

Wajen bashi da allo bashi da suna. In ka sauka a Pen Cinema ka gangara ɓangaren layin dogo ka shiga unguwar Hausawa, rumfar kwano ce jingine da katangar wani gida, benci uku, tebur ɗaya dogo da aka jera gwangwanayen madara da Bournvita da Milo kamar dalar gyaɗa, burodin Agege a gefe cikin leda, kiret ɗin ƙwai an ɗora wani kan wani. A sama akwai talabijin da aka yiwa keji na ƙarfe, ƙasa da ita kuma wata baƙar rediyo rataye a ƙusa, an ɗaure eriyarta da waya an kai har kan kwanon rumfar. Mai wajen dattijo ne mutumin ƙasar Katsina, kowa Baba yake ce masa, har yau bakinsa bai saba da cewa Legas ba sai dai Ikko, kuma yace tun zamanin Shagari yake garin nan.

Shayin kam babu ƙarya. Ruwan bununsa yana jin citta da kanumfari da ɗan masoro, tun kafin ka ƙaraso rumfar ƙamshin zai tare ka, haɗin kauri kuwa in ya ɗaga kofi ya sheƙa daga sama zuwa wani kofin sau uku sau huɗu sai kaga kumfa ta taso, kuma baya ha'incin madara, abinda ka biya shi zaka gani a kofinka. Wainar ƙwai da albasa da attaruhu itama lafiya lau. Indomin ne dai yaronsa ke cika mata mai da magi, na sha yi masa magana yace toh Yaya, gobe kuma ya maimaita.

Amma rediyon nan itace ran wajen. Baba yana da jadawalinsa da baya canzawa, ƙarfe 5 na yamma rediyon Faransa, wadda ma anan Legas sashenta na Hausa yake tun da aka buɗe shi a 2007, ƙarfe 7 Jamus, 8 da rabi BBC, da can kuma 9 da rabi Muryar Amurka kafin tayi shiru a watan Maris na 2025. In lokacin labarai yayi sai a rage muryar talabijin ko meye ake nunawa, wanda bai yarda ba ƙofa a buɗe take. A ranakun lafiya wasu na ganin tsufa ne kawai da taurin kai. Ranar tashin hankali ne zaka san amfanin abin.

Ba zan manta da Juma'ar 20 ga Janairu 2012 ba. Kwana huɗu kenan da janye yajin aikin tallafin mai wanda aka yi ta taruwa akansa a Ojota, gari ya fara dawowa daidai, ni na koma shagona a Computer Village inda nake saida caja da kayan waya. Bayan la'asar sosai wani maƙocina a kasuwa, Ibo ne mutumin kirki, ya leƙo yace Malam ka kira gida ance ana harbi a Kano. Na kira ƙanena dake kasuwar waya ta Farm Centre bata shiga ba, na kira Hajiyarmu a Unguwa Uku bata shiga ba, na kira duk lambar Kano dake wayata layi a cushe, don duk mai ɗan uwa a garin lokaci ɗaya ya ɗauki waya. Ban san yadda na rufe shago ba, ban san yadda na shiga danfo ba, na dai ganni a teburin Baba, kuma na tarar da mutane sun fi hamsin a wajen da benci uku ne, wasu a tsaye wasu a tsugune a bakin kwata, masu goro, mahauta daga Oko-Oba, 'yan acaɓa, masu gadi, kowa da waya a kunne.

Kuma kowa da labarinsa. Wani yace an cinye gari gaba ɗaya, wani yace an ƙona kasuwar Kwari, wani yace an shiga gidan Sarki, wani yaro yana ta rantsuwa wai an faɗa masa gawa ta kai dubu. Kaina kamar zai fashe wallahi. Sai Baba ya buga ludayi a jikin tukunya yace ya isa haka, duk mai magana tambaya biyu zan masa, wa ya faɗa maka, shi kuma wa ya faɗa masa, in baka da amsa ka riƙe bakinka har 8 da rabi. Aka yi tsit. Da lokaci yayi ya ƙure murya, muka ji an lissafa wuraren da aka kaiwa harin, akasari na jami'an tsaro ne, hedkwatar 'yan sanda ta shiyya ta ɗaya a titin BUK, Bompai, ofishin fasfo, ofishin SSS da wasu caji ofis, kuma gwamnatin Kwankwaso ta sa dokar hana fita ta awa 24. Labarin ba mai daɗi bane, Farm Centre ɗin da ƙanena yake tana cikin inda abin ya shafa, amma ko ba komai yanzu na san ina ne da ina ne, mai iyali a Kurna ko Rijiyar Lemo ya ɗan samu numfashi, mu da abin ya matso kusa da namu muka san abinda zamu roƙi Allah akai.

Adadin da aka fara faɗa a daren ƙalilan ne. Washegari Asabar da masu aiko da rahoto suka isa ɗakin ajiye gawa na asibitin Murtala ya haura ɗari, daga baya 'yan sanda suka ce 185. Anan na fara gane yadda aikin yake, mai rahoton da ya san aikinsa abinda ya ƙirga ko wanda aka tabbatar masa shi yake faɗa, shi yasa adadinsa ke farawa ƙasa yana hawa, shi kuwa mai ƙanzon kurege daga dubu yake farawa.

Saƙon ƙanena ya shigo wajen 11 na dare, kalma huɗu, Yaya muna lafiya Alhamdulillah. Na karanta da ƙarfi aka yi ta kabbara kamar ɗan kowa ne. Wani bawan Allah dake kusa dani nasa saƙon bai zo ba sai washegari, kuma ba irin nawa bane, yayansa ɗan sanda ne. A daren Baba bai karɓi sisin kowa ba, tukunya biyu ya dafa ya ƙarar. Wata dattijuwa Bayarbiya dake saida wake a tsallake ta taso ta tsaya a bakin rumfar tana cewa e pele o, e pele Malam, hawaye a idonta, bata jin Hausa amma ta tsaya har aka gama labarai. Ina faɗar wannan ne don kada wani ya ɗauka duk mutanen Legas halinsu ɗaya.

Da safe talabijin ta nuna hoton Enenche Akogwu, ma'aikacin Channels ɗan jihar Binuwai, an harbe shi a Kano yana bakin aikin ɗauko rahoton harin. Kafin ranar ni ina cikin masu cewa 'yan jaridar Kudu basu damu damu ba. Daga ranar na daina yi musu kuɗin goro. Ranar Lahadi kuma muka ga shugaba Jonathan yaje fadar Kano, marigayi Sarki Ado Bayero yana magana hawaye na zubo masa, wallahi a rumfar nan manyan mutane masu furfura suka sunkuyar da kai.

Ran Litinin na koma kasuwa. A wajen mai jarida na ƙarƙashin gadar Ikeja, inda masu karatun kyauta ke cincirindo kowace safiya, na tsaya duba kanun labarai sai naji wani yana cewa ai su ke kashe kansu a bar su su ƙare, wani kuma ya kalli hulata yace aboki ina fatan ba bom a jakarka, aka yi dariya. Ban tanka ba. Kwana uku banyi barcin kirki ba saboda fargabar 'yan uwana, sannan nine kuma abin zargi. Da dare na faɗa a teburin, ashe kusan kowa ya gamu da irin nasa, mai gadin da matar gida ta fara bincikar ɗakinsa, ɗan acaɓan da fasinja ya fasa hawa. Wannan ɓangaren ba'a sa shi a labarai, a irin wannan bencin kawai ake jinsa.

Na taɓa tambayar Baba ina ya samo wannan tambaya biyun tasa. Yace ɗana kai baka zo Ikko ba lokacin, ranar Lahadi 27 ga Janairu 2002 rumbun makamai na barikin soja na Ikeja ya kama da wuta, ƙasa tana girgiza har nan Agege, yace da idonsa yaga mutane na gudu ba takalmi kowa da labarinsa, wannan yace juyin mulki ne wancan yace yaƙi aka kawo, babu wanda ya tsaya ya faɗawa jama'a abinda ke faruwa da inda zasu nufa. Mutum sama da 1000 suka mutu, da yawansu a ruwan Oke-Afa suka faɗa cikin duhu saboda ciyawa ta rufe saman ruwan sun zaci ƙasa ce, mata da yara sun fi yawa. Sati ɗaya bayan nan kuma rikicin Idi-Araba tsakanin Hausawa da Yarbawa ya ɓarke. Yace tun daga lokacin ya ɗauki jita-jita a matsayin makami, kuma ba za'a harba ta a teburinsa ba.

Inda ake samun matsala da kwastomomi shine ranar ƙwallo. 25 ga Yuni 2014 Najeriya zata buga da Ajantina a gasar cin kofin duniya ƙarfe 5, rumfa ta cika maƙil, kamar awa ɗaya kafin a take wasa bom ya tashi a Emab Plaza dake Wuse 2 a Abuja, mutum sama da 20 suka rasu. Samari suna son ƙwallo, masu 'yan uwa a kasuwannin waya na wajen suna son labari, har an fara ɗaga murya. Baba ya bar hoton wasan ya kashe muryarsa ya kunna rediyo. Haka muka kalli Ahmed Musa ya zura ƙwallo biyu ba sauti, ana ihun murna a gidajen kallo na unguwa mu kuma kunnenmu na Abuja. A lokacin naji haushi, ina ganin kamata yayi a kashe talabijin ɗin baki ɗaya, kuma har yau ra'ayina kenan, amma na san da ya kashe da rabin samarin sun tashi basu ji komai ba.

A ranar dai wani abu ya fashe a Apapa kusa da ma'ajiyar mai, hukuma tace tukunyar gas ce, bayan sati biyu da wani abu Shekau shugaban Boko Haram ya fito a bidiyo yace su ne. Ku tuna a cikin watan ne sojoji suka tare matafiya 'yan Arewa 486 a jihar Abiya bisa zargi. To ku auna yadda zuciyar Bahaushen Legas take a lokacin. Baba ya koma rufewa ƙarfe 10 na ɗan lokaci, yana cewa samari kowa ya riƙe katin shaidarsa a aljihu, kuma kada wanda ya biyewa mai tsokana.

Muhawara mafi zafi da na gani a teburin ta Janairu 2015 ce. Ranar 3 ga wata 'yan Boko Haram suka shiga Baga, ranar 7 aka kai hari ofishin mujallar Charlie Hebdo a Faris aka kashe mutum 12. Talabijin ɗin Baba duk tashar waje da aka murɗa Faris ce dare da rana, sunan kowane mamaci da hotonsa da shekarunsa, ranar 11 ga wata shugabannin ƙasashe kusan 40 suka jeru a titi har da na Nijar da Mali da Senegal. Tashoshinmu na gida kuma kamfen ne ya cika su don zaɓe ya matso, ranar 8 ga wata ma anan Legas a dandalin Tafawa Balewa aka ƙaddamar da na shugaban ƙasa. Akwai wani Babarbare mai saida hula da yake zama damu, danginsa masu sana'ar bandar kifi ne a Doron Baga, mutumin nan kwana da kwanaki yana zuwa ya zauna gaf da rediyo baya ko shan shayin, sojoji sunce wajen 150 ne suka mutu, ƙungiyar Amnesty tace akwai rahotannin da ke cewa zai iya kaiwa 2000, tsakanin 150 da 2000 kuma a nan 'yan uwansa suke bai san a wane ɓangare ba. Sai da aka fitar da hotunan tauraron ɗan adam da suka nuna gine-gine sama da 3700 sun ƙone ko sun lalace a Baga da Doron Baga sannan duniya ta ɗan waiwayo.

Samari suka ce Turawa basu ɗauki ranmu a bakin komai ba. Wani malamin makaranta dake zama a ƙarshen benci yace laifi tudu ne, fadar shugaban ƙasarku ta riga ta aikawa Faransa ta'aziyya alhali bata ce uffan akan Baga ba, in mai gida bai yi kuka ba maƙoci ne zai yi masa? Ya ƙara da cewa Faris ɗan jarida da kyamara zai isa wajen cikin minti kaɗan, Baga kuwa hanya a hannun 'yan bindiga take, sabis ɗin waya babu, waɗanda suka tsira wasu sun tsallaka Chadi ta tafki wasu sun taka zuwa Maiduguri, sai a bakinsu ake tsintar labari. Ni na yarda da maganarsa amma bata kashe min ƙishi ba. Abinda ya tsaya min a rai shine suna. Nasu mamatan kowa ya san sunansu, namu kuwa adadi ne, mutum kaza sun rasu wasu da dama sun jikkata, shikenan a wuce labarin wasanni.

Kuma anan ne teburin Baba ya fi min duk wata tasha. Al'adarsa ce in an gama labarai ranar irin wannan sai yace akwai wanda ya rasa wani? In akwai sai mutum ya faɗi sunan mamacin da sunan mahaifinsa da unguwarsu da sana'arsa, a ɗaga hannu ayi masa addu'a a shafa fatiha. Ko kirista ne maƙocin wani aka ambata za'a yi shiru a jajanta. Ranar da Babarbaren nan ya samu tabbaci sunaye biyar ya kira, yana kira muryarsa na rawa, babu wanda ya taɓa kofinsa har ya gama. Ban san wani gidan abinci a Legas da zaka samu wannan ba ko nawa zaka biya.

A Nuwamba 2015 abin ya sake maimaituwa ta wata fuskar, ranar 12 hari a Beirut ya kashe mutum 43, ranar 13 na Faris mutum 130, sai ga hotunan mutane a Facebook duk sun koma launin tutar Faransa har da wasu yaran unguwarmu da basu san ma'anar abin ba, kuma kamfanin ya buɗe wani maɓalli da mutanen Faris zasu danna su nuna suna lafiya. Aka yi ta ƙorafi a duniya me yasa ba'a yiwa Beirut ba, da bom ya tashi a Yola ranar 17 ya kashe sama da 30 sai suka buɗe ma Yola. Washegari ranar 18 kuma sai kasuwar waya ta Farm Centre, inda ƙanena yake dai. Wannan karon cikin minti goma ya kirani da kansa, Allah ya tsare yana can ɗaya ɓangaren, amma yaron da suke sallah sahu ɗaya kullum yana ciki. Daren nan nima na kira suna a teburin.

Yanzu zamani ya canza, matsalar da can rashin labari ce, ta yanzu yawansa. Kafin Baba ya murɗa rediyo kowa ya riga ya gani a waya, guruf-guruf na WhatsApp an cika su da bidiyo da saƙon murya na wani da ba'a san ko waye ba yana cewa don Allah a tura ma kowa. Ranar Asabar 29 ga Yuni 2024 da aka kai hare-haren Gwoza, wajen biki da asibiti da wajen jana'iza, wani saurayi ya miƙo waya yana nuna hotunan gawarwaki a ƙone wai Gwoza ce, malamin makarantar nan ya karɓa ya duba yace wannan hoton ya girmi wayarka, na gobarar tankar mai ne an sha yawo dashi. Baba yace ko na gaske ne ma ba'a nuna gawa a teburina, ɗan wani ne, uwarsa bata baka izini ba, in kana so ka taimaka ka nemi inda ake tara gudummawa. Dokar nan tana nan har gobe kuma ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari, don na taɓa ganin mutumin da ya fara sanin rasuwar ɗan uwansa ta hoton da aka turo guruf.

To amma fa wajen yana da nasa aibin kuma zan faɗa tsakani da Allah. Baba wani lokacin yana wuce gona da iri. Ranar 28 ga Nuwamba 2014 wani yaro ya shigo a guje bayan Juma'a yace an tada bom a babban masallacin Kano na ƙofar gidan Sarki, Baba ya daka masa tsawa a gaban mutane yace wa zai taɓa wannan masallacin, alhali yaron daga bakin yayansa da ke cikin sahu ya ji, wato ya amsa tambaya biyun ma tun kafin ayi masa. Sama da mutum 100 suka rasu a ranar. Daga baya ya bashi haƙuri amma yaron bai ƙara zama a wajen ba. Sannan ya yarda da gidajen rediyon waje fiye da kima, na sha ce masa Baba yanzu ana kama Freedom Radio da sauran tashoshin Kano ta intanet a waya, su suna cikin gari, wakilinsu na iya isa unguwa da ƙafa kafin na waje ya haɗa rahoto, a haɗa da sifika mana aji duka biyun, yace shi abinda bashi da eriya bai yarda dashi ba. Gajeren zangon kuma in an ɗauke wuta an tada janareto sai ƙara ta cika shi, dole sai an kai rediyon can bakin titi an riƙe ta a sama.

Hayaƙin janareton ma kansa a fuskar masu benci na uku yake ƙarewa. Da damina kwatar gaban rumfar tana cika tana wari, ga sauro, in ruwa ya haɗo da iska rabin wajen jiƙewa yake. Abinda ya fi damuna shine babu wajen mata ko kaɗan, sai dai su aiko yara da fulas, alhali suma suna da iyaye da 'yan uwa a Kano da Maiduguri da Gusau, maiɗakina a irin waɗannan ranakun tana gida ita kaɗai da waya da saƙonnin nan masu tada hankali sai na kira na faɗa mata abinda aka ji a rediyo. Na san ba al'adarmu bace mace ta zauna teburin mai shayi, amma ko ɗan benci ɗaya ta bayan katanga da an sa da labule da ya taimaka.

Kuɗi kuwa a zuwana na ƙarshe ruwan bunu 300, haɗin kauri daga 800 ya danganta da madarar da kace, ƙwai ɗaya soyayye 400, indomi biyu da ƙwai biyu 2000, burodi gwargwadon yankan da ka nuna. Ba arha bane in ka tuna da farashin da, amma bai fi na sauran masu shayin unguwar ba. Babu POS, tiransifa kuma asusun yaron ake turawa kuma in sabis ya tsaya sai ka zauna jiran alat, gara ka riƙo tsabar kuɗi. Yana buɗewa bayan asuba zuwa wajen 10 na safe, ya dawo bayan la'asar har 12 na dare. In zaka je kaje kafin 8 da kwata don ka samu bencin kusa da rediyo nesa da janareto, ka sa wayarka a aljihu in an fara labarai, kuma ka cewa yaron ya rage mai a indomin tun kafin ya ɗora kasko.